Ranar da Aka Wanke Ragon Liman

Shekara ashirin da ɗoriya na yi a ɗakin kati na wani asibiti a Gumel kafin na ajiye aiki. Babu wanda ya taɓa yi mini godiya a wannan ɗaki, ni ma ban taɓa jira ba. Mara lafiya likita ya zo gani, in ya warke likita yake sa wa albarka. Amma duk ranar da kati ya ɓata, likitan nan da farar rigarsa zama yake yana juya biro, bai san maganin da aka ba mutum watan jiya ba, bai san wanda jikinsa ya ƙi ba. A nan na koyi cewa duk wurin da ka ga gabansa yana tafiya daidai, to akwai wani a baya da ya san inda komai yake. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka abin da zan ba da labarinsa ya zo mini ba zato. Na hango shi tun daga nesa, kuma duk da haka ya same mu.

Babana dillalin tumaki ne a karar Maigatari. Tun ina yarinya yake wannan sana'a, kuma in ka cire makon da aka binne mahaifiyarmu, ban san wata Alhamis da ta wuce bai shiga kara ba. Ba shi da kanti, ba shi da garke na kansa. Abin da yake da shi ido ne da magana ɗaya. In ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya shafa gadon baya, ya zaga shi sau ɗaya, ya ce maka saya, to ka saya. Akwai gidaje kamar talatin tsakanin Gumel da Gagarawa da ƙauyukan Sule Tankarkar da ba sa shiga kasuwa neman ragon layya, saƙo kawai suke aiko masa. Baba bai yi boko ba, don haka rajistarsa a jikin dabba take. Yana da 'yan gwangwanaye na galura a bayan ƙofar zaure. Shuɗi a kafaɗar dama na wani tsohon hedimasta ne a Gagarawa, kore a ƙugu na wata hajiya mai atamfa a Gumel, haka dai kowa da tasa shaidar. Ja a tsakiyar goshi kuwa na mutum ɗaya ne tak, limamin ƙauyenmu na asali, can gaba da Ɗanzomo.

Shi da Baba tare suka yi kiwon awaki suna yara. Duk shekara tun kafin azumi Baba zai zaɓo ɗan rago ya ɗaure a bayan gida, ya ɗiga masa ja a goshi, ya riƙa ba shi dusa da harawa da hannunsa. Alhamis ta farko bayan ƙaramar Sallah Malam Liman zai zo Maigatari, su ci abinci a zaure, sannan su zagaya baya, ya ɗora hannu a kan ragon ya yi addu'a. Ban taɓa jin sun yi ciniki ba. Kowa ya san hukuncin, wanda ya riga liman yanka nama ya ci, bai yi layya ba. A ƙauyenmu a filin idi liman yake yankawa, ƙarƙashin wata tsamiya, jama'a na kallo, sannan kowa ya watse ya nufi nasa. Baba bai taɓa yin fahari da komai ba a duniya, amma na san yadda yake tsayawa a gindin tsamiyar nan riƙe da igiya, na kuma san ba zai sayar da wannan tsayuwa da kujerar Makka ba.

Sai ga taubashina ya dawo daga Abuja. Ɗan goggona ne, ƙanwar Baba da ta rasu ta bar shi shi kaɗai. Na girme shi da shekara goma sha wani abu, na yi masa wanka yana ƙarami, kuma tun lokacin ya fi son a shafa masa mai da a cuɗa masa baya. Ya taɓa buɗe gidan ruwan leda wanda aka yi bikin buɗewa da makaɗa tun kafin a haƙa rijiyar. Ya taɓa kiwon kifi, kifin ya mutu, allon tallan ya rayu. Wannan karon ya zo da mota mai baƙin gilashi da waya biyu da ƙamshin turare da ke riga shi shiga ɗaki. Ya buga kati ya rubuta wa kansa Manaja, ni ma tun daga ranar ban sake kiransa da wani suna ba.

Ina zaure ranar da ya durƙusa gaban Baba ya baje kolinsa.

"Kawu," in ji shi, "kai fa zinare ne a cikin tsumma. Shekara arba'in mutane suna yarda da kai, amma mutum nawa suka san ka? Talatin. Ni zan sa Abuja da Legas su san ka. Mutum yana kwance a falonsa zai ga rago a waya, ya zaɓa, mu kai masa har ƙofar gida."

Baba ya ce, "To wa zai duba masa haƙora?"

"Sunanka ne zai duba masa, Kawu. Shi ake kira maketin."

Na yi tsaki, Baba ya harare ni. Ya yarda ne saboda goggo, wannan na sani. Amma ba zan rufa masa asiri duka ba, Allah Ya gafarta mini, tsoho ma yana son a yabe shi. An ce masa zinare, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu babu wanda ya gaya masa magana mai daɗi irin wannan.

Ni aka ce in riƙe ofis, tunda na saba da takardu. Na karɓa don in sa ido a kan sunan ubana. Ofishin a Gumel yake, bakin titi, an shafe shi da fenti kore, an sa kujerun kushin da na'urar sanyaya ɗaki da wata fulawar roba a kan tebur. Ragunan kuwa, har da waɗanda Baba ya saya wa mutanensa, suna Maigatari, a wani fili da aka zagaye da waya, babu rumfa, kwamin ruwa ɗaya. Ranar farko na zauna na rubuta masa abin da ake bukata. A rataya wa kowane rago lamba a wuya, lambar nan ita ce a littafi, ita ce a jikin hotonsa. In an sayar da rago a cire hotonsa nan take. A raba filin gida-gida, na Kano daban, na Abuja daban. A kama direbobi tun yanzu, don in Sallah ta matso ko amalanke sai da roƙo. A kuma ajiye mutum ɗaya da ya san ragunan, wanda ba ya zuwa ko'ina.

Ya karanta yana murmushi, ya ninke takardar ya ɗora wayarsa a kai.

"Yaya, ke fa kin tsufa a ɗakin kati. Wannan duk aikin baya ne, kwana ɗaya ya isa a yi shi. Kwastoma ba ya ganin baya."

Na ce, "Ba ya gani, amma abin da aka dafa a can shi zai ci."

"Bari dai mu fara jawo su tukuna."

Lambobin da na nema 'yan gutsattsarin roba ne da kirtani, ko almakashi da tsohon bokiti sun isa a yi su. Sau huɗu ina tuna masa. A cikin wannan lokaci an buga huluna da riguna masu tambarin kamfani, an kafa wani ƙaton allo a mararrabar shiga Gumel da hoton Baba riƙe da ƙahon rago, an rubuta a ƙasa wai amanar shekara arba'in. An ɗauko wasu masu ɗaukar hoto daga Kano da wata na'ura mai tashi sama kamar zirnaƙo, ta firgita dabbobin mutane a kara har wani Bafillace ya bi ta da sanda. Kirtani dai bai samu ba.

Masu hoton ne suka ce ragunan da ke fili ba su da kwarjini, ana son guda ɗaya da zai tsayar da ido. Manaja ya tuna da na bayan gidan Baba. Ragon wannan shekarar kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, farin balami ne dogo, wuyansa kamar turmi, idanunsa zagaye da baƙi sai ka ce an sa masa kwalli. Malam Liman ya riga ya zo ya ɗora masa hannu. Manaja ya ce aro ne na kwana biyu. Na ce wa Baba kada ya bayar. Baba ya ce, "Ai da shaidarsa a goshi, wa zai taɓa shi?"

Da na je filin washegari na tarar da abin da har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. An jera ragunan, ma'aikata sun tuɓe riga, ga bokitai ga garin sabulu ga buroshi, ana ta dirza. Masu hoto sun ce wannan dabbare-dabbaren launi yana ɓata bidiyo, mutanen birni za su ɗauka ciwo ne. Shuɗin hedimasta, koren hajiya, duk shaidar da Baba ya bi ya sa wa ragunan mutanensa, ga ta nan tana bin ruwa tana shiga rairayi. Ragon liman shi aka fi dirza, har da ruwan bilic a goshi. Da suka bushe aka ɗaura wa kowanne koren ƙyalle iri ɗaya a wuya. Sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, fari fat kamar an fito da su daga kwali. Babu kuma mahalukin da zai iya gaya maka wanne ne na wa, in ba Baba ba, shi da ya san su da fuska.

Na ce, "Manaja, ka san abin da ka wanke?"

Ya ce, "Datti."

Tallan ya ci, wannan ma ba zan hana shi ba. Bidiyon Baba yana shafa ragon liman yana cewa shi bai taɓa sayar wa mutum abin da ba zai yanka da kansa ba, ya zaga ko'ina. Waya ta hana ni cin abinci. Oda tana shigowa daga Kano, daga Kaduna, daga Abuja, daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Ina rubuta sunan kowa da unguwarsa da lambar wayarsa, tsaf, yadda na saba. Amma in na zo gurbin da zan rubuta wane rago, sai biro ya tsaya. Me zan rubuta? Fari mai ƙaho? Su kansu masu sayen ba su ba ni tausayi sosai ba. Mutumin da ba zai sayi takalmi bai gwada ba, shi ne zai sayi abin ibada a hoto don kada warin kara ya taɓa masa shadda. Kuma rabinsu abu ɗaya suke nunawa, mai kwallin nan na cikin bidiyo. Ni ina ce musu wannan ba na sayarwa ba ne. Ashe waɗanda suka kira Manaja a tasa wayar cewa yake musu an gama, naku ne. Daga baya na gano mutum tara ya yi wa wannan alkawari.

Kwana biyun aro suka zama mako uku, kullum akwai sabon hoton da za a ɗauka. Da Baba ya ce lokaci ya yi a kai ragon ƙauye, Manaja ya ce haba Kawu, ragon liman guda a kan babur? Motar kamfani ce za ta kai shi, da tambari, mutanen gari su gani.

Saura kwana uku Sallah aka yi lodi. Direbobin da ba a kama da wuri ba sun tafi da kayan wasu, da ƙyar aka samo manyan motoci biyu. Ranar ce ranar da duk wannan harka take bukatar mutum ɗaya a bakin shinge yana nuna wannan na wane ne, wancan na wance. Kuma ranar ce Manaja ya zaɓa ya sa wa Baba babbar riga, ya ɗauke shi a mota zuwa wani gidan rediyo a Kano, don a ƙara jawo masu saye. Raguna sun riga sun kasa yawan odar da ke littafina, amma ana neman ƙari. Ni an bar ni a Gumel da waya a kunne. Masu lodin 'yan ga-ruwa ne da aka ɗauka da safen nan, yawancinsu daga tsallaken iyaka, umarni ɗaya aka ba su, manya su tafi Abuja. Daga Kano aka wuce da Baba ƙauye kai tsaye, don can yake azumin Arfa duk shekara.

Ranar jajibere da hantsi na kulle ofis na hau mota zuwa Maigatari, don zuciyata ta ƙi kwanciya. Filin ya zama kango. Raguna biyar suka rage, waɗanda ko masu lodi sun raina, ɗaya yana ɗingishi, ɗaya ƙahonsa ya karye yana jini. Na tambayi wani dattijo daga cikin masu lodin da ya dawo ɗaukar buhunsa, ina farin nan mai baƙin ido.

Ya ce, "Hajiya, ai shi muka fara sawa a kamiyo, babbar motar nan ta Abuja. Ba wanda ya ce mana da mai shi."

Na samu Manaja a cikin motarsa ya kunna sanyi, wayoyinsa biyu suna ta haske ya kifa su a cinya. Na buɗe ƙofar na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa ɗan'uwa ba. Na ce masa holoƙo, na ce masa tun yana yaro haka yake, a shafa mai a kan ƙazanta. Da ya ga ba wasan taubasai nake ba sai ya marairaice.

"Yaya, don girman Allah kada ki gaya wa Kawu. Yana azumi, ga hawan jini. Rago ai rago ne. Wallahi kafin a sauko daga idi zan kawo wanda ya fi wancan. Ga shi ma an turo mini daga Gagarawa."

Ya nuna mini hoto a waya. Ƙaton rago ne fari, ya tsaya a gicciye yana kallon dama. Na ce ya je ya gan shi da idonsa, Gagarawa ba Makka ba ce. Ya ce zai je.

A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na isa ƙauye da la'asar, na tarar da Baba a kan buzu yana jan carbi, ya tambaye ni ko motar ta taso. Da na buɗe baki a lokacin, da kafin magariba Baba ya shiga rugagen da ke kewaye da mu ya zaɓo wani da hannunsa, da an ji kunya a cikin gida an rufe. Na dubi yadda azumi ya shanye masa fuska, na ce masa gobe da sassafe za ta iso. Ni da na yi shekara ashirin ina faɗa da masu cewa kati yana nan zuwa alhali ya ɓata, ni ce na faɗi wannan magana.

An yi ruwa kwana biyu kafin Sallah, gari ya yi laushi, rana ta fito da zafinta na farkon damina. Mu tsofaffin mata muna sahun baya. Aka yi salla, Malam Liman ya yi huɗuba, ya sauko ya nufi gindin tsamiya, aka miƙa masa wuƙa. Baba yana tsaye a wurinsa na kullum, hannunsa babu igiya. Jama'a suka tsaya suna jira. Kowa ya bar ragonsa a ɗaure a gida, mata sun wasa wuƙaƙe sun haɗa itace, babu mai ikon taɓa komai. Yara suka fara kuka, tsofaffi suka koma inuwa. Ina hango Baba yana duban hanya, ya ƙi zama ko da aka kawo masa tabarma.

Sai da aka yi kusan awa guda sannan ga motar Manaja tana tafe tana wutsil-wutsil cikin rairayi, ta kafe sau biyu a hanya, inji su. Ya fito da hular kamfani, da wani a bayansa riƙe da waya yana ɗauka, don ko a nan bai manta da talla ba. Aka sauko da rago daga but ɗin motar, da koren ƙyalle a wuya. Na matso kusa, ban damu da wa zai ce me ba.

Baba ya dube shi sau ɗaya ya san ba nasa ba ne. Ya karɓi igiya, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa baya, ya fara zagawa yadda ya saba. Da ya zo ɓangaren hagu sai ya tsaya. Ya kaɗa hannu a gaban idon, ragon bai ƙifta ba. Idon ya yi fari fat, ya daɗe da mutuwa. Mai sayarwa ya san gefen da ya ɗauka a hoto, Manaja kuma bai je Gagarawa ba, aike ya yi aka ɗoro masa a hanya. An yi masa abin da ya yi wa mutum ɗari.

Na ji shi da kunnena ya sunkuya yana raɗa, "Kawu, a kwantar da shi ta wannan gefen, ba wanda zai lura."

Baba bai ko dube shi ba. Ya juya wajen abokinsa na yarinta, a gaban gari duka, ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba ya layya. Naka kuma na bari ya salwanta a hannuna."

Malam Liman ya ce, "Alhaji, ƙaddara ta riga fata. Allah Ya sa haka ne mafi alheri."

Wani Arɗo da rugarsa ke kusa ya hau babur ya je ya ɗauko nasa, wani uda madaidaici, ya ce Malam ya karɓa kyauta. Shi ya riƙe igiya a gindin tsamiya. Rana ta kusa tsakiya kafin a yanka, mutane suka watse da sauri, ba mai kallon Baba, kuma wannan rashin kallon ya fi zagi ciwo. A hanyar gida ya tambaye ni abu ɗaya, "Jiya kin sani?" Na ce na sani. Ya gyaɗa kai, bai sake tayar da maganar ba har yau.

Sauran labarin kamfani bai cancanci tawada mai yawa ba. Kwana uku na layya wayar ofis ba ta huta ba. Wanda ya zaɓi babba an kai masa ƙarami, wanda ke Kaduna nasa ya tafi Abuja, wasu ba a kai musu komai ba sai haƙuri. Hedimastan Gagarawa da hajiya mai atamfa, mutanen da ba su taɓa ganin tallan ba ma, nasu ragunan suna can a gidajen baƙi. Babu wanda ya kira ya zagi Manaja, don ba su san fuskarsa ba. Tsohon nan na cikin bidiyo suke nema, mai amanar shekara arba'in. Wata mata daga Legas ta ce in gaya masa ya ji tsoron Allah da furfurarsa. Na ce mata zan gaya masa, na kashe wayar na jefa a durowa. Mutum ɗaya ne ya gamsu a duk faɗin ƙasar nan, wani mai babban ciki a Abuja da ya sa hotonsa a waya rungume da ragon liman, yana yaba wa kamfani.

Manaja ya koma Abuja kafin a gama cin soye. Na ji yanzu yana tara matasa a otal yana koya musu yadda ake jawo kwastoma, kuma na tabbata ya iya, wannan ɓangaren bai taɓa gagararsa ba. Ya ce wa wani ɗan'uwanmu wai abin da ya kayar da shi a harkar raguna shi ne mutanen ƙauye ba su waye ba. Allon nan na mararraba ya bar shi a tsaye, rana ta cinye rubutun, fuskar Baba ce kawai ta rage. Sai da na biya wasu masu walda suka sauke shi.

Baba ya ci gaba da shiga kara, amma gidaje talatin ɗin nan sun koma bakwai ko takwas. Bai yi ƙorafi ba. Da shekara ta zagayo, tun kafin azumi ya zaɓo ɗan rago ya ɗaure a bayan gida, ya ɗauko gwangwanin ja ya ɗiga masa a goshi. Alhamis ta farko bayan ƙaramar Sallah na zo daga Gumel na dafa musu shinkafa da wake, don na san abin da Malam yake so. Ya kuwa zo. Suka gaisa kamar kullum, suka ci, suka yi hirar damina da ta waɗanda suka mutu. Ragon yana ta kuka a baya, ana jin sa har zaure. Da aka yi azahar Malam Liman ya nemi takalmansa, ya ce zai leƙa kara, Arɗo yana jiransa a can. Ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, ya sa mini albarka, ya fita ta ƙofar gaba.

Baba ya raka shi har bakin titi ya dawo. Ya daɗe a tsaye a tsakar gida, sannan ya ce in kawo masa ruwa a bokiti da sabulu. Na ce ya bari in yi, ya ce a'a. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa gaban ragon, ya riƙe ƙahonsa da hannu ɗaya. Galura ba ta fita da sauƙi, ya daɗe yana cuɗawa.